Ƙarar Babur a Ƙasar Anka: Shin Lokacin Babur Mai Lantarki Ya Yi?

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da duk wanda wannan mujalla ta faɗa hannunsa, ga wata matsala da muka daɗe muna zaune da ita har muka daina lissafa ta cikin matsaloli, watau ƙarar abubuwan hawa a cikin unguwanni. Zan ɗauko misalaina daga inda na fi sani, ƙauyenmu Sunke na ƙasar Anka, da garuruwan da muke maƙwabtaka da su ta wajen Bukkuyum da Gummi, a yammacin Jihar Zamfara. Na san wani zai ce, mutanen da ke fama da 'yan bindiga ina suka ga ta maganar ƙara? In mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, ina fatan zai ga cewa a ƙasarmu maganar ƙara da maganar tsaro a tukunya ɗaya suke dahuwa. Ra'ayina shi ne babur mai aiki da lantarki alheri ne gare mu, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan tarihin Sunke ne ya koya mini su.

Bahaushe da Sauti

Tun da ɗalibin harshe ne ni, bari in fara daga harshe. Bahaushe bai tara abin da kunne ke ji a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Yana da amo, wanda ake yabon ganga ko kalangu da shi. Yana da hayaniya, wadda ta kasuwa ce da taron jama'a. Yana da kwaramniya ta kwanuka, da rugugi na hadari, da tsawa wadda ke firgita yaro da babba. Sa'an nan ga ƙara, wadda sau da yawa in an ambace ta, to, kuka ake yi da ita.

Ƙauyen Bahaushe na da ba kurman wuri ba ne. Da asuba akwai carar zakara da kiran salla, da hantsi akwai luguden mata da bugun maƙera, da yamma akwai kukan bisashe masu dawowa kiwo, da dare kuwa kiɗan dandali. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa, yana kuma da saƙon da yake ɗauke da shi. Guɗa tana cewa an sami ƙaruwa, gangar gayya tana cewa a fito gona. In dare ya yi nisa sai Bahaushe ya ce sawu ya ɗauke, watau da tafiyar ƙafa yake auna dare, kuma in ta ɗauke sai gari ya yi tsit. Ƙarar inji ita ce baƙuwar da ta zo ba ta san lokaci ba, ba ta kuma ɗauke da wani saƙo sai na cewa wane yana wucewa.

Yadda Ƙarar Ta Zauna da Mu

Ba zan zama butulu ba. Babur, ko mashin kamar yadda muka fi kiransa a wajenmu, ya yi wa talakan ƙauye abin da mota ba ta yi masa ba. Hanyoyinmu na burji ne da na ƙafa, da damina kuwa akwai inda mota ba ta isa ko da kuɗi. Mashin ne ke kai mai naƙuda asibitin Anka, shi ke fitar da buhun gero zuwa kasuwa, shi ne kuma sana'ar dubban samari 'yan kabu-kabu waɗanda ba su da wata madogara. Duk wanda ya ce a raba mu da shi bai san ƙauye ba.

Abin da nake kuka da shi dabam ne. Kamfanin da ya ƙera babur ya sa masa salansa domin ta haɗiye ƙarar fashewar mai a cikin inji. Sai ga shi samarinmu sun mai da fasa salansa ado. Wani ya huda ta, wani ya ƙwaƙule cikinta, wani ya cire ta ɗungurungum, domin a ji shigowarsa tun daga bakin gari. A ranar rakiyar amarya kuwa ba a magana, sai ka ga babura ashirin sun shiga lungun da akuya biyu ba sa iya jerawa, kowa na murza totur, ba ruwansu da jaririn da aka samu ya yi barci da ƙyar, ko tsohon da ke kwance yana jinya. Ga bakanike da ya kafa rumfa a ƙofar gidan mutane yana gwajin inji daga safe har magariba. In ka ƙara da janareto da injin niƙa, sai ka tarar unguwa ba ta da sa'a guda ta hutawa.

Abin da Ƙara Ke Yi wa Jiki

Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Wanda ya daɗe yana wuni a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon sa'a 8 a rana, to, jinsa yana cikin haɗari. Babur yakan kai wajen desibel 95, balle wanda aka fasa wa salansa. Abin lura shi ne ma'aunin ba irin na mudu ba ne da ake ƙara ɗaya a kan ɗaya. Duk ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sautin yake yi, ya kuma rage rabin lokacin da kunne zai iya jurewa. Ƙananan gabobin da ke cikin kunne masu karɓar sauti kuwa, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Saboda haka ɗan kabu-kabun da ya huda salansa shi ne mutum na farko da yake cuta, don kunnensa ya fi na kowa kusa da ita.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji inda ta ba da shawarar kada ƙarar hanya ta wuce desibel 45 da dare. Domin ƙasashen Turai aka rubuta su, amma kunnen Bature da na Bazamfare halitta ɗaya ce. Hukumar ta danganta yawan ƙara da rashin barci, da ciwon zuciya, da raunin fahimtar yara a makaranta. A nan gida ma akwai dokar hana yawan ƙara tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA. Dokar tana nan a takarda, amma ban taɓa jin an karanta ta a wata majalisa ta ƙasarmu ba.

Akwai kuma wata illa wadda ma'aunin desibel ba ya kamawa, ita ce tsoro. A farkon watan Janairu na 2022 mahara a kan babura suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka tsira sun ce mamatan sun kai 200, ko da yake gwamnati ta ba da adadin da bai kai haka ba. Tun kafin wannan, da kuma bayansa, rugugin babura ya zama wa mutanenmu sallamar mutuwa. A wani hutu na kwana a gidan da kakata take zaune a cikin garin Anka. Can tsakar dare wani yaro ya wuce a guje da mashin marar salansa. Kafin in farka sosai, na ga tsohuwa tsaye a bakin ƙofa, ta saɓa jikanta a kafaɗa, ba ko takalmi. Na ce mata, "Kaka, ki kwanta, yaran unguwa ne." Ta ce, "Ɗan nan, kunnena bai san na unguwa da na daji ba." Ba ta koma barci ba har aka yi kiran assalatu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi yaron wasa yake yi, amma a gidaje nawa ya tayar da irin wannan hankali a dare ɗaya?

Darasin Shekarar 2010

Ina ɗan yaro lokacin da sunan Sunke ya shiga rediyoyin duniya, kuma ba don alheri ba. Da farashin zinariya ya tashi, masu haƙa suka riƙa kawo duwatsu cikin gari, ana farfasa su a tsakar gida, ana niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi. Injunan nan suna kuka dare da rana, ba wanda ya ce uffan, domin kukansu kukan kuɗi ne. Ashe duwatsun cike suke da dalma, ƙurarsu kuma tana sauka a inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke faruwa. Yara kimanin 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar gidaje a Sunke, da Dareta, da Abare, da Duza, da Tungar Daji, da 'Yargalma, da Tungar Guru, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata nata aikin. Dubban yara aka yi wa magani a shekarun da suka biyo baya.

Darasi biyu na ɗauka daga wannan masifa. Na farko, injin da ya shigo tsakar gida da ƙara, a bincika, sau da yawa ba ƙarar kaɗai ya kawo ba. Da unguwa tana da al'adar cewa wannan inji ya dame mu, a fitar da shi bayan gari, da wataƙila an rage asarar. Na biyu, da hukuma da sarakuna suka tsaya, an fitar da aikin niƙan daga cikin gidaje, mutane kuma suka bi. Ke nan ba gaskiya ba ne a ce mutanenmu ba sa jin magana. Suna ji, in wanda suke ganin girmansa ya faɗa, ya kuma nuna musu dalili.

Babur Mai Lantarki

Injin fetur yana tafiya ne da fashewa. Mai da iska suna haɗuwa, fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, haka nan sau dubbai a cikin minti ɗaya. Ƙarar da muke ji ita ce ta wannan fashewa. Shi kuwa mai lantarki, wuta ce ke fitowa daga batir ta shiga wayoyin da aka nannaɗe, ƙarfin maganaɗisu ya juya ƙafa. Ba abin da ke ƙonewa, saboda haka ba hayaƙi, ba baƙin mai, ba fulogi, ba kuma salansar da yaro zai huda. Abin da za ka ji kawai shi ne ɗan zuu da sautin taya a kan ƙasa.

Kada mai karatu ya zaci labarin Turai nake ba shi. Jelani Aliyu, wanda ya zana fasalin motar nan Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, Basakkwace ne. A lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a watan Afrilu na 2021, ita ce kuma ta farko irinta a Nijeriya. A Maiduguri, garin da ya sha wuyar da ta fi tamu, wani matashi Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin safa yana mai da su masu lantarki. A Kwatano da Lome 'yan acaɓa suna shiga tashar kamfanin Spiro su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke, cikin lokacin da bai wuce na shan mai ba. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kuwa, daga watan Janairu na 2025 an daina yi wa sabon babur mai fetur rajistar ɗaukar fasinja.

Ga kuma maganar aljihu. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mutumin ƙauye kuwa a hannun 'yan bumburutu yake saye, a kan farashin da ya fi na birni. Rana fa ba a yi mata layi, kuma in akwai abin da Allah ya wadata Zamfara da shi, to, ita ce.

Hujjojin Masu Ja

Na tattauna wannan ra'ayi da abokai da dattawa, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Adalci ne in kawo hujjojinsu.

Hujja ta farko ita ce mafi nauyi. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, ƙarar nan da kake ƙi ita ce ke ba mu damar gudu. Ranar da ɓarayin daji suka sami mashin marar ƙara, sai dai mu gan su a kanmu." Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Amsata kashi biyu ce. Da farko, gargaɗi ba ya amfani sai a inda ake da shiru. A garin da babura masu fasasshiyar salansa ke kai da kawo dare da rana, kunne yakan gaji, ko dai ya firgita a kan komai kamar na kakata, ko ya daina kula da komai. In da baburan gari ba su da ƙara, to, duk rugugin da ya taso daga daji an san ba na gida ba ne, kuma za a ji shi tun daga nesa. Na biyu, fetur a jarka ake sace shi a kai daji, shi ya sa a watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da shi a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Talaka ya sha wuyar waɗannan matakai ƙwarai, domin ba a iya bambanta babur ɗinsa da na ɓarawo. Batirin da ke da lamba, wanda ba a musanya shi sai a tashar da ta san mai shi, ya fi jarka sauƙin sa wa ido. Duk da haka na yarda cewa in aka bar abin sakaka, ana sayarwa ga duk wanda ya miƙo kuɗi, to, tsoron dattijon nan zai iya tabbata.

Hujja ta biyu ita ce ta wuta da tsada. Ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa ganin turken lantarki ba, kuma kuɗin sayen babur mai batir ya fi na mai fetur. Wannan gaskiya ne. Amma wa ya kawo mana wutar cajin waya? Ba mu jira kowa ba, samari ne suka sayi farantan sola suka kafa rumfunan caji a bakin kasuwa. Tashar cajin babur babbar yayar wannan rumfa ce, sai dai tana bukatar jarin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Game da tsada kuwa, yawancin 'yan kabu-kabu dama ba da kuɗi hannu suke sayen mashin ba, biya suke yi kaɗan-kaɗan. Abin da ya saba tafiya gidan mai shi zai koma biyan bashin.

Hujja ta uku ni na kawo ta da kaina, don ita ta fi tsaya mini a rai. Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai na litiyam, mai tsada da rashin nauyi, wanda in jabu ne yakan kama da wuta. Akwai kuma mai arha, irin na mota, wanda cikinsa dalma ce da ruwan batir. In ya mutu, 'yan gwangwan ne ke fasa shi su narkar da dalmar, sau da yawa a cikin unguwa. Ɗan Sunke ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da zai biyo baya. In muka kori ƙara ta ƙofa, dalma ta dawo ta taga, to, an gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma batun makafi da yara da dabbobi, waɗanda da kunne suke kauce wa abin hawa. Tarayyar Turai ta gamu da wannan matsala, ta wajabta wa sababbin motocin lantarki fitar da wani ɗan sauti in suna tafiya a hankali. Mu ma ƙararrawa irin ta keke da rage gudu a cikin lungu sun wadatar.

Shawarwari

Na farko, abin da ba ya bukatar ko kwabo: masu unguwanni da hakimai da limamai su haɗa baki da shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu a hana fasa salansa, a hana wasa da babur a cikin unguwa bayan sallar isha'i. Haƙƙin maƙwabci abu ne da addini da al'ada suka haɗu a kansa, kuma barcin maƙwabci yana cikin haƙƙinsa.

Na biyu, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi su keɓe wa bakanikai da masu injin niƙa wuri a gefen gari, kamar yadda kakanninmu suka keɓe wa majema da marina nasu.

Na uku, gwamnatin jiha ta fara gwaji a hedikwatocin nan uku, inda ake da ɗan tsaro: tashar caji mai sola a kusa da asibiti da kasuwa, babura masu rajista, a ba 'yan ƙungiya bashi. In abin ya yi kyau, sai ya gangara ƙauyuka.

Na huɗu, kada a yarda da duk mai kawo batir sai ya ɗauki alkawarin karɓar mataccensa ya fitar da shi daga ƙasarmu zuwa inda ake sarrafa shi bisa ƙa'ida. Fasa batir a cikin gari ya zama laifi.

Na biyar ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa. Kalmomi irin su desibel da litiyam ba su zauna a bakin jama'a ba tukuna. Aikinmu ne mu samo musu sunaye da bayanin da manomi zai gane, mu kai su rediyo da wasan kwaikwayo. A 2010 an yi asarar lokaci kafin iyaye su fahimci cewa ƙurar da ba ta da ɗaci tana kisa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarar babur cuta ce ga kunne da zuciya, kuma a ƙasar da aka sha hari tana tsokano tsoron da bai warke ba. Na nuna cewa babur mai lantarki ya riga ya iso maƙwabta, kuma zai iso mu ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu tsara masa sharuɗɗa tun bai zo ba, watau rajista, da kula da batir, da sa hannun sarakuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin nan, ina roƙon ɗan'uwana ɗan kabu-kabu ya mai da salansarsa, ya tuna akwai tsofaffi a bayan kowane zaure da yake wucewa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da sawu zai ɗauke a Sunke kowa ya yi barci da ido biyu rufe, amin.